Na je dajin Lekki kallon tsuntsaye, birai kawai na gani: in sayi kyamara ne ko yaya?

"Salamu alaikum Malam. Ni mutumin Haɗeja ne amma a Agege nake zaune, ina harkar waya a Ikeja. Tun ina yaro nake son tsuntsaye, a gida in ka fita fadama ba sai ka nema ba, ga dinya ga kirinjijiya ga zalɓe. Asabar ɗin da ta wuce na shirya na tafi Lekki Conservation Centre, gosulo ya riƙe ni sai wajen sha biyu na isa, na zaga har gadar saman nan na hau. Kukan tsuntsaye ta ko'ina amma wallahi ban ga komai ba sai birai da dawisu da masu selfi. Guda ɗayan da na samu na ɗauka da waya ɗigo ne baƙi kawai ya fito. Na ɗan tara wasu kuɗi, abokina yace in sayi babbar kyamara tokumbo a Computer Village. Kyamara ce matsalata ko wajen ne babu tsuntsaye? Kuma a Legas ina ya dace mutum ya fara?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In na fahimce ka abu uku kake tambaya a haɗe: me ya sa kaji kuka baka ga masu kukan ba, ko kyamara zata gyara lamarin, sannan ina zaka nufa. Toh tun kafin mu yi nisa, tsuntsaye suna nan a wajen da kaje, da yawa ma, kuma kuɗin nan ka bar su a aljihu tukuna. Da a ce ranar nan da kyamarar miliyoyi kaje, da hoton birai masu kyau zaka dawo gida, don kyamara bata nemo maka tsuntsu, wanda idonka ya riga ya kama shi take ɗauka. Na jima ina wannan yawo a Legas, ina kuma fita da sabbin shiga, kuma mutanenmu da suka taso a arewa kusan duk da wannan ƙorafin naka suke farawa.

Kurmi ba fadama ba ne

Idonka a sarari ya koyi kallo. A yankinku na Haɗeja da Nguru, wajen Dagona da sauransu, ƙasa a shimfiɗe take, ruwa a buɗe, bishiyoyi jefi-jefi, tsuntsayen kuma manya ne masu tafiya garke-garke, tun daga nesa kake hango su. Lekki kuwa kurmin fadama ne, ganye kan ganye, kwakwa da tukurwa da igiyoyin daji sun sarƙe, ƙasa ruwa ne kwance baƙi ƙirin. Hekta 78 ne wajen, ƙungiyar kare muhalli ta NCF ce ta kafa shi a 1990 lokacin duk yankin daji ne, yanzu gidaje da estet sun zagaye shi ta ko'ina. Tsuntsun kurmi da murya yake hulɗa da 'yan'uwansa tunda ba ganin juna suke ba, shi ya sa yake da ƙarfin kuka amma jikinsa kore-kore ne ko ruwan ƙasa, yana iya zama taku biyar daga inda kake yana ta ihu kai kuma kana ta zare ido baka ga komai ba.

Sai lokaci. Sha biyun rana ita ce mafi munin sa'a da mutum zai zaɓa. A Legas rana tana fitowa tsakanin shida da rabi zuwa bakwai duk shekara, kuma hidimar tsuntsaye, cin abinci da kuka da kai-kawo, daga nan ne zuwa wajen tara da rabi ko goma. Da zafi ya taso sai kowa ya shige inuwa yayi lamo, sai la'asar su ɗan sake motsawa. Matsalar ita ce irin waɗannan wurare ba sa buɗe ƙofa da asuba, don haka dabarar ita ce kai ne mutum na farko da zai shiga, ka tsaya a bakin get ana buɗewa ka wuce. Daga Agege ka sallaci asuba ka kama hanya kawai, kar ka tsaya shayi. Ni dai safiyar Lahadi na fi so, titi fayau, jama'a sun tafi coci, sai wajen sha ɗaya ake fara cika. Asabar da rana kam ranar 'yan yawon shaƙatawa ce da masu bikin bazday, ba laifinsu ba ne, wajen nasu ne suma, amma tsuntsu bai san wannan ba.

Ita kuma gadar saman nan da ka hau, mita 401 ce tsawonta, a 2015 aka buɗe ta, ana cewa babu mai tsawonta a Afirka. A hau sau ɗaya don a ga saman daji yana da daɗi. Amma lilo take yi, hannayenka biyu suna kan igiya, na bayanka na cewa ka matsa, wata na ihu tana kiran sunan Allah, a nan ba a kallon tsuntsu balle hoto. In zaka tsaya ka tsaya a kan hasumiyoyin da ke tsakani, nan ne kake iya ganin abin da ke giftawa ta saman bishiyoyi.

Aikin yana ƙasa, kan doguwar gadar katakon da ta ratsa dajin. Yadda nake yi, in na shiga bana sauri ko kaɗan, in yi taku kaɗan in tsaya, in na samu inda daji ya ɗan buɗe, ko bakin ruwa, ko bishiya mai 'ya'ya, sai in jingina in yi shiru minti goma har sha biyar. Farkon tsayuwarka dajin zai yi tsit saboda sun ji takunka. Can sai su manta da kai. Kar ka nemi siffar tsuntsu, nemi motsi: ganye ɗaya da ke rawa alhali babu iska, reshen da ya lanƙwasa ya koma, ɓawon 'ya'yan itace da ke faɗowa daga sama. Sau da yawa a haka nake kama cilakowar kurmi, baƙa da fari mai ƙaton baki ruwan madara, zaka fara jin kaɗa fiffikenta ne, ta kaɗa ta kaɗa sannan ta saki jiki, ta sauka a kan kwakwar manja ta tsinko ɗa ɗaya da tsinin baki, ta ɗan cilla shi sama ta cafe ta haɗiye, sannan ta karkata kai ta leƙo ka da ido ɗaya. Wanda ke tafiya yana hira ta ƙarƙashinta zai wuce bai sani ba. A irin wannan tsayuwar ne kuma ake dacewa da turako, kore shar mai tukku, wanda baya son tashi sai dai ya riƙa gudu a kan reshe, in ya buɗe fiffike kuwa ja ne wur. Akwai masu kamun kifi masu shuɗin baya da jan baki da ke zama shiru a inuwa, akwai wata ungulu fara da baƙi wadda ita kwakwar manja ce abincinta fiye da mushe, akwai ragon maza da ka sani tun a gida yana ta bubbuga muryarsa a cikin ciyawa.

Kaya kuma ka saka masu duhu, ruwan ƙasa ko kore ko toka. Farar shadda mai sitati a bar ta sai Juma'a, tana ƙyalli tana kuma ƙara in ka motsa. Dogon hannu da safa saboda sauro, ruwan sha, waya a sailent.

Abin da zaka fara saya

Bainakula, wato madubin hangen nesa mai ido biyu. Wannan ne kayan aikin, kyamara ƙari ce. Ka nemi wanda aka rubuta 8x42 a jikinsa: 8 ɗin yana nufin yana jawo abu kusa sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ke tara haske, kuma a duhun kurmi haske shi ne komai. 10x42 ma yana yi, ya fi dacewa da bakin ruwa, sai dai ya fi nuna rawar hannu. Ka guji irin na hannun masu talla a gosulo, masu jan gilashi da aka rubuta wasu manyan lambobi ko aka ce suna zum, rabin awa zaka yi da su kanka ya fara sarawa saboda idon dama da na hagu ba waje ɗaya suke kallo ba. Kafin ka biya ka leƙa wayar lantarki ko eriya daga nesa, in ka ga ta rabu biyu ka ajiye musu kayansu.

Akwai ɗan sirri wajen amfani da shi da ba a faɗa wa mutane. In ka ga tsuntsu kar ka sunkuyar da kai kana neman bainakula a ƙirji, idonka ya tsaya cak a kansa, hannu ne zai ɗago madubin ya kawo shi gaban idon. Ka gwada a kan kurciya da hankaka a unguwa har hannunka ya saba, in ba haka ba kullum kana ɗagowa ganye zaka tarar.

A waya ka sauke Merlin, manhajar gane tsuntsaye, kyauta ne, na jami'ar Cornell ta Amurka, ka sauke kundin tsuntsayen Najeriya a ciki tun kana gida don yayi aiki ko babu netwok. Yana taimakawa sosai in ka ba shi hoto ko ka faɗa masa girma da launi. Ɓangaren gane kuka kuwa bai ƙware a tsuntsayenmu ba kamar yadda ya ƙware a na Amurka da Turai, ka ɗauki maganarsa a matsayin shawara. Abin da ya fi, ka riƙa naɗar kukan da wayarka, daƙiƙa talatin ta isa, ka faɗi waje da lokaci a ƙarshen naɗin, in ka koma gida ka kwatanta da na shafin xeno-canto, inda ake tara kukan tsuntsaye a intanet. Nau'in tsuntsayen Najeriya sun haura 900, kar wannan ya tsorata ka, in ka riƙe ashirin na unguwarku da ido da kunne, duk baƙon da ya shigo zaka gane baƙo ne.

Toh kyamarar fa?

Bayan wata biyu ko uku kana fita da bainakula, kai da kanka zaka san irin hoton da kake so, a nan ne maganar kyamara take da ma'ana. Wayarka bata yi laifi ba, lens ɗinta mai faɗi ne an yi shi don mutane da gine-gine, zum ɗin da kake ja da yatsa yanka hoton kawai yake yana buɗa shi. Kafin ka sayi komai ma kana iya manna kyamarar wayar a idon bainakula ka ɗauka, hoton ba na gasa ba ne amma ya isa shaida a gane ko wane tsuntsu ne.

Hanya biyu ce ga mai ƙaramin ƙarfi. Ta farko kyamarar da lens ɗinta a manne yake mai dogon zum, irin su Nikon P900 mai jawowa sau 83, ko P950, ko Canon SX70. Ba nauyi, ba canza lens, tsuntsun da ke can kan falwaya zaka cika hoto da shi. Rauninta ƙwayar da ke karɓar haske a ciki ƙarama ce kusan irin ta waya, a sarari da rana tana yin abin mamaki, a cikin kurmi kuwa hoton sai ya fito da yashi-yashi, sannan tana jinkirin kama abin da ke tashi. Ta biyu kyamarar da ake cire wa lens, tsohuwar DSLR ta Nikon ko Canon, a haɗa ta da lens 70-300, wato tsawon zum ɗinsa a milimita. Wannan ta fi jure duhu ta fi sauri, amma 300 gajere ne ga ƙananan tsuntsaye, dole ka koyi matsowa kusa. Wanda ya fi shi shi ne 150-600 na Sigma ko Tamron, kusan kilo biyu ne shi kaɗai, kuɗinsa kuma ya fi na kyamarar kanta sau da yawa. In ra'ayina kake so, ga wanda burinsa ya san tsuntsaye ya kuma samu abin nunawa a Facebook, ta farkon ta ishe shi shekaru. Wanda hoton kansa ne ya dame shi, yana son gashin tsuntsu ya fito ɗaya-ɗaya, ya bi ta biyu, kuma ya zuba kuɗin a lens, jikin kyamara ko tsoho ne zai yi. Farashi bazan faɗa ba, da dala yake tafiya, kai da kake kasuwar ka fi ni sanin na yau.

Tunda harkar waya kake ba sai na koya maka yadda ake duba tokumbo ba, amma lens yana da nasa ciwon. Ka cire murfin gaba da na baya, ka haska tocilan ɗin waya ta ciki ka leƙa ta ɗaya gefen. 'Yar ƙura ba komai ba ce. In ka ga wasu zare-zare farare sun yi reshe a jikin gilashin, fumfuna ce, ka bar shi ko nawa aka rage maka. Ka sa a nuna maka adadin hotunan da kyamarar ta taɓa ɗauka, ka fita waje ka gwada fokos a kan abu na kusa da na nesa, ka tabbatar batir da caja na asali ne.

Fumfunar nan ita ce babbar abokiyar gabar mai kyamara a Legas, abin da a Haɗeja ba a san shi ba, can ƙura ce matsalar. Danshin garin nan, musamman daga Afrilu zuwa Yuli, in ka rufe lens a jaka cikin wadrob wata biyu ka gama da shi. Ka samu roba mai murfi da ke rufewa gam, ka zuba silika a ciki, irin 'yan ƙullin nan da ake samu a kwalin takalmi da na waya amma da yawa, ka riƙa busar da su lokaci-lokaci. In kaje bakin teku ka goge jikin kyamarar da tsumma mai ɗan laima saboda gishiri. Sannan in ka fito daga mota mai esi ka shiga zafin waje gilashin zai yi gumi ya dushe, kar ka hau gogewa, ka bar shi a jaka minti goma ya saba da iskar.

Saitin da nake amfani da shi

Ba dogon karatu ba ne. Ka juya kyamarar zuwa inda kai ke zaɓar saurin shota, wato saurin ƙiftawar kyamara, S a Nikon, Tv a Canon, ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a otomatik. Tsuntsu a zaune a sarari 1/1000 na daƙiƙa, mai tashi 1/2000 ko sama. A cikin kurmi haske bazai baka haka ba, dole ka sauko 1/250 ko 1/400, ka matse gwiwar hannu a jiki, ka ɗauka da yawa a jere, cikin goma ɗaya zai fito tsaf. Kar ka ji tsoron ISO ya hau, hoto mai yashi ana iya gyara shi, wanda ya girgiza kuwa sai shara. Wani abu da sai wanda ya tsaya a wajen ya sani: in ka jingina kyamara a kan makarin gadar katako, mutum na tahowa ko daga nesa ne katakon na kawo maka takunsa har cikin hoto. Ka jira ya wuce.

Fokos ka mayar da shi ɗigo ɗaya a tsakiya ka ɗora a idon tsuntsu, in ka bar kyamara ta zaɓa da kanta ganyen gaba zata kama kullum. Ɗigon baƙin da ka samu kuma ba nisa ne kaɗai ya jawo shi ba, ka ɗauki tsuntsu ne sama na bayansa, kyamara ta ga fari ya yi yawa ta rage haske. Maganinsa maɓallin nan mai alamar ƙari da ragi, ka ƙara ɗaya ko ɗaya da rabi. Farin tsuntsu irin balbela a gaban duhun ciyawa kuma akasin haka, ka rage ɗaya, in ba haka ba gashin ya ƙone ya zama fari fat babu zane. Rana ta kasance a bayanka. In tsuntsun a ƙasa yake ko a ruwa ka durƙusa ka daidaita da idonsa, wannan kaɗai yana raba hoton gwani da na ɗan koyo.

Biran Lekki, irin da ake kira mona, su ne makarantar hoto mafi sauƙi tunda basa gudun mutum. Amma kar ka riƙe leda ko abinci a hannu, fizgewa suke, kar kuma ka basu komai, ciyar da su ne ya sa suka raina mutane. Cizo ko yaƙushin biri maganar asibiti ce a ranar, ba a jira. Kada da guza kuma daga kan gada ake ɗaukarsu, ba a sauka.

Inda zaka je, da yaushe

Ka fara da inda ƙafarka ke kaiwa. Kwatar Oko-Oba tana nan kusa da kai, balbela da hankaka da shirwa basa rabuwa da wajen, babu inda ya fi nan koyon ɗaukar tsuntsu a sama, sai dai ka fara gaisawa da shugabannin wajen ka faɗi abin da ya kawo ka, mahauta basa son a zo ana nuna musu kyamara haka kawai. Bakin ruwan jami'ar Legas a Akoka waje ne mai kyau ga sabon shiga, sarari ne irin wanda idonka ya saba, akwai zalɓe iri-iri da masu kamun kifi baƙi da fari da ke tsayawa cak a iska kafin su faɗa ruwa. Gaba da Ajah akwai wurin shaƙatawa na daji mai suna LUFASI, wanda Desmond Majekodunmi ya kafa, ƙarami ne bai kai Lekki ba amma ya fi shiru, akwai manyan itatuwan ekki, kuma an san shi da ungulu. Tarkwa Bay sai da jirgin ruwa, ka saka rigar kariya, ka nufi lokacin da ruwa ya janye ya bar laka da yashi. In ka ƙware kana son na gaba, dajin cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan da gandun Omo a jihar Ogun suna nan, amma waɗannan sai da shiri da ɗan jagora. Ko'ina zaka je ka tambayi kuɗin shiga tun kafin ka taso, ka kuma tambaya ko ana cajin babbar kyamara daban, wurare da yawa suna yi.

Lokaci mafi albarka daga Nuwamba ne zuwa Maris. Ruwa ya ɗauke, hanyoyi sun bushe, tsuntsaye 'yan ci-rani kuma sun iso. Akwai masu dogayen ƙafa da ke zuwa bakin teku tun daga arewacin Turai da Rasha, wani mai lanƙwasasshen baki, wani ƙarami da baya daina kaɗa gindi yana tafiya. Shirwa ma da rani take cika garin, damina na kankama ta yi arewa. Akwai wani kyakkyawa mai cin ƙudan zuma, kore mai farin maƙogwaro da dogon bindi, yana ƙyanƙyasa a can bakin hamada da damina sannan ya gangaro kudu da rani, ɗan ci-rani ne kamar mu, zaka gansu jere a kan wayar lantarki suna tashi su cafko ƙwaro su dawo inda suka tashi, wanda hakan ke sa ɗaukarsu sauƙi, ka saita a kan wayar kawai ka jira. Hazon hunturu a Disamba da Janairu yana tausasa haske, hoton kusa yayi kyau, na nesa kuma ya fito fari-fari. Damina ma ba a zama a gida, lokacin ne kabare ke saƙa, mazan sun yi ado, sai dai ka tafi da leda babba ta rufe kaya.

Maganar tsaro kar ka ɗauke ta wasa. Dogon lens a Legas yana jawo ido, kuma mu da ake gani da hula da kaftani tambayar da za a yi mana ta fi ta wasu yawa, gaskiya ce ko da ɗaci. Kar ka nuna kyamara ko bainakula wajen bariki, filin jirgi, tashar jiragen ruwa, gidan gwamnati ko kan manyan gadoji, ko wane irin tsuntsu ne ya sauka a wajen ka ƙyale shi. Ka riƙe katin shaida, in an tare ka ka nuna hotunan cikin kyamarar da fara'a, yawanci dariya ake ƙarewa da ita. Kayan su zauna a jakar baya mara ado har ka isa, ba a rataye a wuya cikin danfo ba. Fita da jama'a ya fi, akwai Lekki Bird Club da ke da alaƙa da NCF, ka tambaya a ofishinsu a nan cikin Lekki ɗin, fita ɗaya da wanda ya san kukan dajin ta fi maka wata guda kai kaɗai.

Su ma tsuntsayen suna da haƙƙi a kanka. Ba a matsa wa sheƙa, ba a karya reshe don hoto ya fito, in uwa ta tashi ta bar ƙwai saboda kai hankaka na gefe yana jira. Kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi ni bana yi a wuraren da jama'a ke yawan zuwa, yana hana shi kiwo yana ta neman abokin faɗan da babu shi. Sannan ka kula da abin da kake sakawa a intanet. Ungulun da muka taso muna gani a kowace mahauta, tun 2015 tana cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma babban abin da ke cinye ta a ƙasar nan masu sayen kai da sassan jikinta ne don tsibbu. Aku mai toka da jan bindi ma kamu ya kusa gamawa da shi, a 2016 aka hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe. In Allah ya nuna maka sheƙar ɗayansu ka saka hoton in kana so, amma kar ka faɗi inda take, ka kuma kashe lokeshan a kyamarar.

Ni ba masanin kimiyyar tsuntsaye ba ne, ba kuma da hoto nake cin abinci ba, yawan fita ne kawai. Akwai ƙananan nan masu ruwan ganye na cikin kurmi da suka yi kama da juna sosai, in ban ji kukansu ba bana sa musu suna, kai ma kar ka ji kunyar rubuta "ban gane ba" a littafinka, ya fi ka cusa sunan da ba shi ba. Littafin kuwa ka fara shi tun fitar farko: kwanan wata, waje, lokaci, abin da ka gani da guda nawa. In hannunka ya faɗa kana iya saka lissafin a eBird, shafin tara lissafin tsuntsaye, ko ka shiga aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara a 2015, inda ake amfani da manhajar BirdLasser. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita tara ta kowane gefe, kana shafe aƙalla awa biyu a ciki kana rubuta duk nau'in da ka gani ko kaji. Kurciya da hankakan Agege ma ana so a lissafin, haka in kaje gida da sallah ka yi na Haɗeja.